Tartsatsi, Wata Bakwai

Wata bakwai muka yi. Na ƙirga:
daga ranar da malamin bautar ƙasa ya hau motar Kano
ya bar wa Tanimu jitarsa a bakin bashin shayi,
zuwa ranar da Alhaji Ɗanjummai ya aiko yaro
a ba shi batirin motarsa.

Sunanmu Tartsatsi.
Lawandi ya raɗa, saboda abin da ke tashi
duk sa'ad da na ɗora waya a kan batir.
Aikina ke nan a ƙungiya, riƙon waya.
In hannuna ya gaji, kiɗa ya mutu.

Kaset ɗaya gare mu, ba suna a jikinsa,
wasu Turawa na ihu kamar kunama ta harbe su.
Ko kalma ba mu tsinta ba, a ƙirji muka ji shi.
Bayan la'asar sai mu haye duwatsun Birnin Kudu
inda awaki kaɗai za su kai ƙararmu.
Barau da rabin duro biyu da murfin tukunyar innarsa,
Sallau da akwatin sabulu mai tsirkiya ɗaya
yana gurnani kamar hadarin gabas,
Lawandi na tsage maƙogwaro a kan famfon unguwarmu
da aka kafa shekara uku bai ɗiga ba.

Sau uku muka yi wasa.
Ranar rabon kyauta a makaranta, hedimasta ya toshe kunne da alli.
Bikin ɗan sarkin fawa, gwaggon amarya ta miƙe
ta ce a kira mai kalangu, waɗannan aljanu gare su.
Na uku, daren kasuwa, bayan rumfar masu tsire,
tsirkiya ta tsinke, Tanimu ya ɗaura wayar birkin keke,
kuma wallahi a daren nan, na minti goma,
mun iya.
Wani Bafulatani ya jingine sandarsa ya yi tsalle,
ya liƙa wa Barau sule biyar a goshi.

Kwana huɗu bayan haka yaron Alhaji ya zo.
Damina ma ta faɗi, kowa ubansa na neman sa a gona.
Ba mu yi faɗa ba. Ba wanda ya ce an watse.

Barau yanzu injin niƙa gare shi a bakin tasha,
gari ya rufe masa gira, kunne ɗaya ya tafi.
In tsaba ta maƙale yana dukan mazurari da sanda,
mata na cewa tsohon nan ya cika bugu,
ni kaɗai na san wace waƙa yake bugawa.

Lawandi ladan ne. Da asuba, can a ƙarshen kira,
muryar takan tsage a wurin da take tsagewa dā.
In na tuna masa sai ya ce, Malam, ƙuruciya ce,
ya ja carbi, ƙafarsa na motsi ƙarƙashin riga.

Sallau ya ja tirelar riɗi zuwa Legas shekara goma sha tara.
Wata damina gada ta ci shi da kaya.
Ba mu ga gawa ba, sai agogonsa a leda.

Tanimu ya gyara rediyo har rediyo ta ƙare,
ya koma wayar hannu, da tabarau biyu a hanci.
Jitar na rataye a zaurensa, ba tsirkiya,
jikoki sun mai da ita asusu.

Ni na koyar da lissafi, na yi ritaya.
Akwai tabon ƙuna a babban yatsana na dama.
Ɗalibai sun sha tambaya, nakan ce fitila ce.